Shekarar da Zoɓon Lurwanu Ya Juya

Duk Bahaushen da ya yi Sallah biyu a Riyad ya san Lurwanu. In bai san fuskarsa ba, to ya sha zoɓonsa. Mutumin Maigatari ne, gajere mai faɗin kafaɗa, mai tafiya kamar ya makara ko da babu inda za shi. Mahaifinsa ya noma zoɓo tun zoɓo bai yi daraja ba, tun ana shuka shi a gefen gona don kawai a san iyaka da maƙwabci. A can Lurwanu ya tashi da jajayen yatsu, a can kuma ya gaji halin da ya ƙetaro da shi har Saudiyya: ba ya cewa "to" sai ya yarda. Malaminsa na firamare ya gaji da dukansa a kan wannan hali, matarsa Sumayya ta gaji da roƙonsa, daga baya kowa ya ƙyale shi da abinsa.

Da bizar direban gida ya shigo. Ya yi shekaru yana kai yara makaranta, yana jiran uwar gida a ƙofar kantuna rana na gasa shi a cikin mota, bai taɓa yin ƙorafi ba. Amma ranar da uwar gidan ta daka masa tsawa a gaban baƙi ta kira shi "ya walad", wato kai yaro, shi da furfura ta fara fito masa a gemu, sai ya ajiye makullin mota a kan tebur cikin ladabi ya ce a sake shi. An yi watanni ana jan maganar. Ya zauna ba aiki, daga burodi sai shayi, abokai na ta cewa ya koma ya ba da haƙuri, ya ce haƙurin me. A ƙarshe dai aka mayar da kafalarsa, wato izinin aikinsa, hannun wani ɗan Yaman mai shagon lemo a unguwar Ulaisha. A nan yake har yau, yana markaɗa mangwaro da ayaba da kankana daga hantsi har a tashi.

Ɗakinsa yana unguwar Gubaira, a saman wani garejin walda, shi da abokinsa Ghali mai tuƙa tankar ruwa. Ghali mutum ne mai sanyin hali, irin wanda ko an take masa ƙafa shi zai ba da haƙuri, shi ya sa zaman nasu ya ɗore.

Maganar zoɓo kuwa kaɗaici ne ya haifar da ita. Sallarsa ta farko a garin da burodi da kifin gwangwani ya yi ta, bai ji ko mutum ɗaya ya ce masa barka da Sallah da Hausa ba. Ya yi kuka a ranar, ba ya kuma ɓoye wa kowa cewa ya yi. Da shekara ta kewayo sai ya sa yayarsa ta aiko masa da zoɓon gonarsu ta hannun wani mai dawowa daga hutu. Akwai na Sudan jibge a kasuwa, amma Lurwanu ya ce wannan jan ruwa ne kawai. Ya dafa nasa da citta da kanumfari da masoro, ya ɗura a jarkoki, ya bi gidajen Hausawan da ya sani yana rabawa. Daga 'yan gidaje abin ya bazu: likitoci da ma'aikatan jinya na wajen asibitin Shumaisi, injiniyoyi, direbobi, har leburorin da ke kwana a cunkushe a ɗaki ɗaya. Kyauta ce, goron Sallarsa ke nan. Wanda duk ya miƙa masa riyal ya ɓata da shi har wata Sallar.

A garin da ake auna mutum da sana'ar da aka rubuta masa a iƙama, wato katin izinin zama, tasa iƙamar lebura take cewa. Amma ranar Sallah likita ne ke fitowa har ƙofa ya tarbe shi. Ƙungiyar Hausawan garin tana da taro a Juma'ar da ta biyo bayan kowace Sallah, a wani gidan shaƙatawa da suke haya a bayan gari, irin wanda ake kira istiraha, kuma a can Lurwanu ne mai tukwane, ba a sauke girki sai ya ɗanɗana. Bai gina bene a Maigatari ba, bai sayi mota ba. Sunansa mai kyau shi ne duk abin da ya tara a ƙasar nan, ya kuwa san haka sarai.

Abin da ya jawo masa fitina ƙaramin abu ne, har kunyar faɗarsa ake ji. Wata Sallah ya kai zoɓo gidan Dakta Kamil, shugaban ƙungiyar, aka karɓa da godiya kamar kullum. Da ya shiga falon baƙi gaisuwa sai ya tarar da tebur cike da dogayen kwalaben lemon inabi na kanti, masu takardar zinariya a wuya, ana buɗewa ana zuba wa baƙi a kofunan gilashi. A hanyarsa ta fita ya hango jarkarsa a ƙasa a bakin kicin, kusa da bokitin goge-goge. Babu wanda ya ce masa komai. Da ma an ce, da ya mayar da martani ya huce. Haka ya koma Gubaira da abin a ransa, ya yi shekara guda yana cinsa.

Da azumi ya sake zuwa, sai ya samu wani ɗan garinsu da ke aiki a zauren biki ya riƙa tara masa irin waɗannan kwalabe in an shanye, masu murfin da ake dannewa da waya. Ya wanke su tas, ya shanya a saman bene. Matsalar ita ce goman ƙarshe na azumi shagon lemo ba ya numfashi, mai shago ba zai ba shi ko rabin yini ba. A da daren Sallah yake dafawa ya raba da safe. Bana kuwa ga wanki ga ɗuri ga ado, sai ya yanke shawarar ya gama komai tun kafin goman ta shiga. Ya dafa, ya zuba sukari ba ƙyashi, da ya huce ya jefa ɓawon abarba ya kwana a ciki don ƙamshi, ya tace ya ɗura ya toshe. Ya jera kwalaben a kwali, ya kai su ɗan ɗakin tankin ruwa da ke saman bene, inda in rana ta take ko ƙarfen ƙofar ba ya taɓuwa.

Ghali ya tsaya yana kallonsa, ya ce, "Lurwanu, Sallah fa da saura. Abin nan ba zai lalace ba?"

"Na kanti wata nawa yake yi a kwalba bai lalace ba? Iska ke ɓata abu. Na toshe, kalas, magana ta ƙare."

Ghali ya ce to. Babu wanda ya taɓa gaya wa Lurwanu cewa na kanti akwai abin da ake yi masa a masana'anta kafin a rufe, shi kuma ba mai tambaya ba ne.

Ranar jajibiri ya sauko da su ya binne a ƙanƙara, ya ɗaura wa kowace jan zare mai ƙyalli a wuya. Bai buɗe ko ɗaya ba, don a ganinsa ya riga ya ɗanɗana tun ranar dafuwa, buɗewa kuma ɓata ado ne. Ana saukowa daga idi ya ari motar wani maƙwabci, ya bi gidaje ɗaya bayan ɗaya cikin farar shaddarsa. Ko'ina sai yabo. A gidan Dakta Kamil da hannunsa likitan ya karɓa ya ɗora a tsakiyar tebur, ya ture na inabi gefe. Lurwanu ya koma ɗaki zuciyarsa fes, ya yi sallar azahar ya kwanta.

Ghali ne ya tashe shi, waya a hannu, fuska ba jini.

"Tashi ka ji abin da ake faɗa a guruf."

Saƙonnin murya ne ke shigowa a zauren ƙungiyar na waya, ana saurara ana gogewa nan take, don a Riyad akwai kalmar da mai hankali ba ya bari ta kwana a wayarsa. Wani ya ce tasa kwalbar ta fashe a kicin. Wata ta ce da suka buɗe murfin sai da ya daki silin. Wani kuma ya yi ƙasa da murya ya ce kowa ya zubar da abin nan yanzu-yanzu, ya wanke kofuna.

Lurwanu ya ɗauko kwalba ɗaya da ya rage musu, ya ɓalle wayar murfin. Ta yi ƙara, kumfa ya yi tsiri ya zubo masa a hannu. Bai taɓa shan giya ba a rayuwarsa, amma ya san warin, wanda yake toshe wa hanci yana yaro in an aike shi ya bi ta bayan tasha. Ya ɗiga a harshe ya tofar. Ya zauna a ƙasa yana ta innalillahi. Da hannunsa, da kwalliyarsa, ya bi gidajen Musulmi ranar Sallah ya raba musu abin da ya juya ya zama barasa.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a gidan Dakta Kamil. Mahaifiyar likitan, Hajiya Sailuba, ta zo daga gida ta yi Umra cikin azumi, ta tsaya yin Sallah wurin ɗanta. Tsohuwa ce da carbi ba ya barin hannunta. Da ta ji an ce zoɓon gida ne sai ta ce a zuba mata, ta sha da sanyinsa ta ce kai, wannan yaro ya iya sa yaji, a ƙara mata. Bayan kofi na biyu ta fara ba jikoki labari tana dariya har da hawaye, ta ce kanta na juyawa, ta kwanta. La'asar ta wuce ta tana barci, abin da ba a taɓa gani ba. Sai a lokacin likitan ya shinshina kofin. Da ta farka ta matsa sai an gaya mata, aka gaya mata. Tun daga nan ta shige ɗaki ta daina cin abinci, sai kuka. An kawo mata malamai sun ce babu zunubi a kan wanda bai sani ba, ta gyaɗa kai ta ci gaba da kukanta.

Wani a matsayin Lurwanu da kashe waya zai yi ya ɓuya. Shi kuwa ya sake ɗaukar motar a yammacin nan ya bi gidajen nan kaf, yana ba da haƙuri yana karɓar kwalabensa. Da yawa sun riga sun tuttular a bayi, sun ƙunshe kwalaben a baƙar leda sun kai bolar wata unguwa mai nisa. Wasu ta bayan ƙofa suka amsa masa. Wanda ya fi ƙona masa rai wani direba ne da ya buɗe ƙofa yana murmushi, ya kanne masa ido ya ce, "Malam Lurwanu, ashe kai ma ka iya? Shekara da shekaru kana ɓoye mana." Kafin gari ya waye an raɗa masa suna, Lurwanu mai kwalba.

Ana cikin haka Dakta Kamil ya aika a kira shi. A gaskiya likitan mutumin kirki ne, sai dai yana son komai ya tafi a tsare, kuma ga uwarsa a ɗaki tana ramewa. Lurwanu ya same shi a falo tare da Malam Jibrin, dattijon da ke jan sallah da addu'a a tarukan ƙungiya. Aka ajiye masa shayi.

Likita ya ce, "Malam Lurwanu, ka san ƙasar da muke. Da abin nan ya fita, ba kai kaɗai ba, duk wanda aka samu da kwalbar nan a gidansa sai ya yi bayani. Iƙamar mutum nawa ke nan? Alhamdu lillahi mun danne maganar. Abu ɗaya ya rage. Ranar Juma'a a istiraha ka miƙe ka ce ka tuba daga haɗa giya, Malam ya yi maka addu'a, kowa ya shafa, a wuce wurin. Mafi mushkila, in ji Larabawa, babu wata matsala."

Lurwanu ya ɗago kai. "Likita, in tuba daga me?"

"Daga abin da ya faru mana."

"Abin da ya faru na sani. Na yi sakaci. Na yi gwaninta, Ghali ya faɗa mini na ƙi ji. Wannan zan faɗa a gaban kowa, in kuna so in durƙusa ne in durƙusa. Amma in na ce na tuba daga haɗa giya, na ce ke nan na zauna na ƙulla niyya na haɗa, na ɗauko na kawo wa mahaifiyarka. Ban yi ba."

Malam Jibrin ya gyara zama ya ce cikin taushi, "Ɗana, tuba ai ba ta rage mutum. Dukkanmu masu tuba ne kullum."

"Allah gafarta Malam, istigfari ina yin sa safe da yamma, tsakanina da Ubangijina. Wannan da ake nema ba shi ba ne. Amsa laifi ne a gaban jama'a, laifin kuma ba nawa ba."

Likita ya fara ƙosawa. "Kalma ce fa kawai. Just say it. Mutane sun tsorata, suna son su ga an rufe abin. Hajiya ma hankalinta ya kwanta ta san mai laifi ya amsa. Wallahi asiri muke son rufa maka."

"Asirin me, Likita? Wanda ya ɓoye abu shi ake rufa wa asiri. Ni da rana tsaka na bi gida-gida da kwalaben nan, har da jan zare a wuyansu. Mai haɗa giya a Riyad haka yake yi?"

Malam Jibrin ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Da likitan ya sake magana muryarsa ta bushe. Ya ce in Lurwanu bai yi abin da aka ce ba, to ba ya cikin ƙungiya, ba ya kan tukwane, kuma in wani ya fusata ya kai maganar gaba, su babu ruwansu.

Lurwanu ya ce, "Na ji." Ya tashi ya sa takalmansa, shayin na nan yadda aka ajiye shi.

Kada wani ya ɗauka bai ji tsoro ba. Ya ji, sosai ma. A daren ranar aka cire shi daga zauren waya. Yana cikin markaɗa lemo a shago in motar 'yan sanda ta gifta sai ya daburce har ya zubar da abu, mai shago ya yi ta faɗa. Ya haɗa 'yan kayansa a jaka ya tura ƙarƙashin gado, ko da za a zo. Mutanen da a da suke tsayawa su sha lemo su yi hira da shi da Hausa suka koma bin ɗaya gefen titin.

Ghali ya yi roƙon duniya. "Don girman Allah ka faɗa. Kowa ya san ba da gangan ka yi ba, su ma sun sani. Minti ɗaya ne, ka rufe ido ka faɗa, a ci shinkafa a watse."

"In sun sani, me ya sa suke son in ce da gangan na yi?"

Ghali ya ce shi dai ya ga ana zaman lafiya.

Labari kuwa bai jira jirgi ba, tuni ya isa Maigatari. Sumayya ta kira shi tana kuka, ta ce a gidan suna aka tare ta da maganar, wai mijinta na sayar da abin kwalba a Saudiyya. Da ya warware mata yadda aka yi, da abin da ake nema ya faɗa, sai ta ce, "To ka faɗa mana, Baban Sadiya, ka huta mu ma mu huta. In aka koro ka fa?"

Ya ce, "Yanzu jita-jita ce, mai faɗa zai gaji. In na faɗa a gaban mutane, kowa da waya a hannu, ya zama shaida daga bakina. Su Sadiya za su girma ana nuna musu ubansu a tsaye yana cewa shi mai haɗa giya ne. Gara a koro ni."

Ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, cikin muryar da ke nuna ta san ba za ta ci nasara ba. Duk da haka, don gaskiya, sai da ya gwada. Ranar Alhamis ya shiga banɗakin shago ya kulle, ya tsaya gaban madubi ya ce bari ya ji yadda jimlar za ta fito. Ya kai "jama'a, na tuba daga", sai harshen ya ƙi gaba. Ya wanke fuska ya koma bakin aikinsa.

Ranar Juma'a ya sa shaddarsa, ya tari tasi shi kaɗai ya nufi istiraha. Tun daga ƙofa ya ji ƙaurin shinkafa ta kama, ya san wanda aka ɗora a kan tukwane bai san wutar gas ɗin wurin ba, ya haɗiye maganar ya wuce. Maza suna zaune a kan darduma a farfajiya, mata suna ɓangarensu a bayan katanga, an ja musu lasifika don su ji jawabai. Da aka gan shi sai hira ta tsaya. Dakta Kamil ya sauke ajiyar zuciya, ya taso ya kama hannunsa, a zatonsa mutumin ya sauko. Ana idar da la'asar ya ce Malam Lurwanu yana da magana, ya miƙa masa makirufo. Wayoyi suka ɗago sama.

Lurwanu ya yi sallama, ya jira aka amsa.

"Jama'a, ni ne na kawo muku zoɓo ranar Sallah. Na dafa shi da wuri, na toshe, na ajiye a zafi, ya juya. An gargaɗe ni na ƙi ji, saboda ina son a ce kwalbata ta fi ta kanti kyau. Na jefa ku cikin tsoro, na ɓata muku Sallah, na sa uwa ta zubar da hawaye. Wannan laifina ne, ni kaɗai, ina roƙon kowa ya yafe mini don Allah."

Likita na gefe yana gyaɗa kai, yana jiran sauran.

"An ce in ce na tuba daga haɗa giya. Ba zan faɗa ba. Ban haɗa ba, ban taɓa niyya ba, ubana bai haifi mai yi ba. Wanda yake ɗauka a waya ya ɗauka da kyau, ya aika duk inda zai aika. In za ku cire ni ku cire ni, in za a kai ni gaba a kai ni, abin da na faɗa a nan shi zan faɗa a can. Wassalamu alaikum."

Babu wanda ya amsa sallamar da ƙarfi. Wani daga baya ya ce, "Girman kai!" Wani ya ja tsaki. Ghali ya dafe kai da hannu biyu. Dakta Kamil ya karɓi makirufo fuska a murtuke ya ce an ji, a ci gaba da abin da ya tara mu. Lurwanu ya ratsa ta tsakiyar mutane ana janye ƙafafu, ya ɗauki takalmansa ya nufi ƙofa. Idonsa a bushe, bai kalli kowa ba.

Ya zo daidai ƙofar ɓangaren mata sai ya ji murya daga bayan labule, muryar tsohuwa, a dishe.

"Mai zoɓon ne wannan? Ku ce ya tsaya."

Ya gane ko wace ce. Duk zagayen da ya yi na ba da haƙuri, ita kaɗai ce aka hana shi gani. Ya ajiye takalman ya tsuguna a bakin labulen.

"Hajiya, ni ne. Ki yafe mini, na cuce ki."

"Na ji ka a lasifika. Sun matsa maka ka faɗi ɗaya maganar?"

"Sun matsa, Hajiya."

"Ka ƙi."

"Na ƙi."

Dakta Kamil, da aka gaya masa uwarsa ta fito, ya ƙaraso da sauri ya tsaya a bayansa.

Ta ce, "Yaro, tun ranar Sallah nake gaya wa zuciyata zoɓo ne ya lalace, kamar yadda miya ke kwana ta lalace, na sha ban sani ba. Da wannan nake samu in runtsa. Sai aka zo ana ce mini in kwantar da hankalina, ranar Juma'a za ka fito ka amsa cewa giya ka haɗa. Na ce shi ke nan, in ya amsa, ni ce tsohuwar da ta zo Umra ta koma gida da giya a cikinta, haka za a gaya wa jikokina bayan raina. Tun da aka ba ka abin maganar nan gabana ke faɗuwa."

Likita ya ce, "Hajiya, ai don ke muka..."

"Kamilu, ba da kai nake ba." Ta koma kan Lurwanu. "Sakacinka na yafe maka, duniya da lahira. Amma in na koma gida na ji an ce sun shawo kanka ka faɗa, wannan kam ba zan yafe ba. Ka ji ni?"

Lurwanu da ya tsaya gaban taron maza bai ƙifta ido ba, a nan ya kasa. Hawaye suka ɓalle masa, ya kifa fuska a gwiwa yana kuka kamar ba dattijo ba. Da ƙyar ya iya cewa, "To, Hajiya."

Babu wanda ya kira shi cin abinci. Ba a mayar da shi ƙungiya a ranar ba, tukwanen kuma har yau wani ne a kansu. Ya share fuska da hannun riga, ya fita bakin titi neman tasi da yunwa a cikinsa. Yana tsaye ya ciro waya ya kira Sumayya, tana ɗauka ya ce, "Ki gaya wa yara ban faɗa ba."